Daga Dusar Ƙanƙarar Sahara Zuwa Hazon Balan: Tarihin Hunturu Da Ruwan Sama A Ƙasar Kano

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda 'yan uwa da suka ce data ba ta barinsu su saurara har ƙarshe. Yana da ɗan tsawo, a samu shayi a zauna.

Abin da ya jawo maganar yau ƙaramin abu ne. Na je gida Balan, can ƙasar Gaya, muna zaune da daddare a zaure an sa kaskon wuta a tsakiya. Sai ƙanina ya miƙo min waya, wai in ga yadda guguwar dusar ƙanƙara ta binne motoci a Amurka. Daga nan ya nuna min wani hoton, dusar ƙanƙara kwance a kan jan yashin Sahara. Sai ya ce, "Yaya, mu dai Allah ya hutar da mu, ba ruwanmu da guguwar hunturu."

Kakanmu yana gefe cikin bargo. Ya yi dariya ya ce, "Kai ja'iri, leƙa waje ka faɗa min ko kana ganin wata." Yaro ya leƙa, babu wata babu tauraro, hazo ya rufe ko'ina. Tsoho ya ce, "To wannan mene ne? Ku 'yan boko kun san sanyin garin wasu, ba ku san naku ba."

Maganar nan ta tsaya min a rai. Da na dawo na shiga karatu, sai na tarar tsohon ya fi mu gaskiya: hazon da ya rufe Balan a daren nan da dusar ƙanƙarar da ke cikin wayar ƙanina, sau da yawa iska ɗaya ce take haifar da su.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki, don tarihin ya zauna daidai.

Iska biyu ne suke karɓa-karɓa a kanmu. Ɗaya tana tasowa daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma, ɗauke da laima. Ɗaya tana gangarowa daga Sahara ta arewa maso gabas, busasshiya ƙayau. Akwai iyakar da suke haɗuwa, kuma iyakar nan ba ta zama wuri ɗaya. A watan Agusta takan haura har ta wuce Agadas, mu muna cikin laima, ana marka. A watan Janairu takan koma can kusa da gaɓar teku wajen Legas, ta bar mu a hannun iskar Sahara. Damina da hunturu kenan. Ruwan da Kano take samu a shekara, wajen milimita 800 zuwa 900 in an bi dogon lissafi, kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Mayu da Satumba.

To amma kun lura hazo ba kullum yake zuwa ba? Sai a yi kwana biyar gari garau, rana ɗaya a wayi gari ba ka ganin bishiyar ƙofar gidanku. Dalilin yana can arewa. Idan guguwar hunturu ta ratsa tekun Bahar Rum, takan jawo iska mai sanyi da nauyi ta zubo kan Aljeriya da Libiya. A kan duwatsun Atlas sai ta sauke dusar ƙanƙara. Hoton da ƙanina ya nuna min irin na garin Ain Sefra ne a Aljeriya, inda dusar ƙanƙara ta sauka a Fabrairun 1979, ta sake sauka a Disambar 2016 da Janairun 2018. Ragowar iskar sai ta danno kudu. A arewacin Chadi sai ta matse tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta faɗa wani kwari da ake kira Bodele, kusa da garin Faya. Kwarin nan gindin tsohon tafki ne, lokacin da Tafkin Chadi yake ƙato shekaru dubbai da suka wuce. Ƙasarsa fara ce mai laushi kamar gari, kuma masana sun ce babu wuri guda a duniya da ya kai shi tayar da ƙura. Daga can zuwa Kano ya fi kilomita 1,000, amma cikin kwana ɗaya ko biyu ƙurar ta iso hancinka.

An ga wannan ƙarara a farkon Maris na 2004. Iska mai sanyi ta kutso arewacin Sahara, aka yi sanyi da ruwa a can, sannan bangon ƙura ya taso ya share Afirka ta Yamma har cikin teku. Hotunan tauraron ɗan Adam na kwanakin suna nan. Wani lokacin kuma ruwa ne yake zuwa ba a lokacinsa ba. A Janairun 2002 an yi kwana uku ana ruwa da sanyi a arewacin Senegal da kudancin Muritaniya, a tsakiyar rani. Dabbobi dubbai suka mutu, mutane ma aka rasa, saboda ba wanda ya shirya wa ruwa a watan Janairu.

Yauwa. Yanzu mu shiga tarihi.

A Disambar 1823, wasu Turawan Birtaniya biyu, Hugh Clapperton da likita Walter Oudney, suka taso daga Kukawa ta Barno tare da ayarin fatake za su Kano. A ƙarshen watan, suna wajen ƙasar Bade, suka kwana cikin wani irin ɗari. Clapperton ya rubuta cewa da gari ya waye ruwan da ke cikin mazubansu ya yi ɓawon ƙanƙara, salkunan ruwa sun daskare. Oudney da ma ba shi da lafiya, sanyin ya ƙara kwantar da shi, ya mutu kusa da Katagum ranar 12 ga Janairu 1824. Clapperton ya ratso ta gabashin Kano ya shiga birni ranar 20 ga watan, daga baya ya wuce Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Wato ruwa ya taɓa daskarewa a kan hanyar Barno zuwa Kano. Idan tsofaffi suna ba da labarin jaura da muku-mukun da, ba ƙari suke yi ba.

Sai mu tsallako zuwa ranar da kakana ba ya mantawa: 22 ga Janairu 1973. Jirgin sama ƙirar Boeing 707 na kamfanin ƙasar Jodan, wanda Nigeria Airways ta yi haya, ya ɗauko alhazai daga Jidda zai kai su Legas. Yanayin Legas ya ɓaci, aka karkato da shi Kano. A Kano kuma ga hazo ga iska. Wajen sauka ƙafar jirgin ta karye, ya kauce daga titi ya kama da wuta. Cikin mutum 202 da ke ciki, 176 suka rasu. A lokacin, duniya ba ta taɓa ganin haɗarin jirgin sama da ya ci rai haka ba. Allah ya jiƙansu da rahama. Kakana ya ce a rediyo suka ji, kuma kwana da kwanaki duk ƙauyen da ke da alhaji a hanya ba a yi barci ba.

Akwai kuma kisan da hunturu yake yi a hankali. Ƙura da bushewar iska suna raunata hanci da maƙogwaro, mutane kuma suna cunkushewa a ɗaki saboda sanyi. Shi ya sa sanƙarau yake tasowa daga tsakiyar rani, ya yi ƙamari da shigowar zafi, ya lafa da saukar ruwan farko. A 1996 annobarsa ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu, kuma Kano tana cikin inda abin ya fi muni. Da yawa cikinmu a shekarun nan aka haife mu. Ku tambayi iyayenku mata, za su ba ku labari.

Kada kuma mu yi wa hunturu butulci. Ƙurar nan da muke tsaki a kanta tana sauke sinadarai a gonakinmu duk shekara, har ma tana tsallaka teku ta kai dajin Amazon. Alkamar da ake nomawa a Kadawa ba ta yi sai da sanyi. Kakana yakan ce shekarar da aka yi hazo sosai gona ta sha taki kyauta.

To wannan ɓangaren iskar arewa kenan. Ɗaya ɓangaren, wato ranar da iskar kudu za ta dawo da kuma yadda za ta zauna, shi ne ya fi rubuta tarihinmu.

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci yunwar da ta yi shekara 11 a zamanin Sarki Muhammadu Zaki, wanda ya yi mulki daga 1582 zuwa 1618. Ya sake ambatar yunwa a zamanin Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe kafin jihadi. Mutanen da sun san fari sarai, shi ya sa suka gina rayuwarsu a kansa. Rumbu a kowane gida. Gero mai saurin nuna a haɗa shi da dawa da wake a gona ɗaya, in wannan ya ƙi wancan ya yi. Zakkar hatsi. Cin rani, don a rage bakin da ke cin rumbu. Malamai kuma suna riƙe da lissafin taurari 28, kowanne kwana 13, su Haƙa'a da Hana'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabaha, manomi ya san a wane tauraro yake, ya san wanda ake tsammanin ruwa mai yawa a cikinsa.

Sai Turawa suka ci Kano a 1903. Jirgin ƙasa ya iso a 1911. A 1912 kamfanoni suka fara sayen gyaɗa da tsada, ga haraji ana neman a biya da kuɗi. Manoma da yawa suka ba gyaɗa fili, aka sayar da hatsi don biyan haraji. Sai daminar 1913 ta ƙi. Ruwa ya yi ƙaranci ƙwarai, rumbuna kuma ba kamar da ba. Kafin kakar 1914 dubun-dubatar mutane sun mutu a lardin Kano, ga ayarin masu gudun yunwa suna gangarowa daga ƙasar Faransa, wato Nijar ta yau. A wurare da dama na ƙasar Hausa ana kiran wannan yunwa Kakalaba. Wani masani, Michael Watts, ya yi bincike a Kaita ta Katsina ya fitar da littafi a 1983, Silent Violence. Hujjarsa ita ce fari daga sama yake zuwa, amma ko zai zama yunwa ko ba zai zama ba, wannan ya danganta da abin da aka bari a rumbun talaka.

Shekarun 1950 an sha ruwa, dalar gyaɗa ta tashi a Kano, mutane suka ɗauka haka za a dawwama. Daga ƙarshen shekarun 1960 ruwa ya fara ja baya. A 1972 damina ta yi rauni. A 1973, shekarar da ta buɗe da haɗarin alhazai, ruwan da aka auna a Kano bai wuce kusan rabin abin da aka saba ba. Kakana ya ce sau uku suka yi shuka a shekarar. Ta farko ta tsiro ta ƙone, ta biyu ko tsirowa ba ta yi ba, ta uku ta yi kara babu zangarniya. Aka fita roƙon ruwa har da yara da dabbobi. Shanu suka faɗi warwas a kasuwa, mudun gero ya haura. A 1975 cutar gyaɗa ta zo ta ƙarasa abin da fari ya bari, daga nan dalar gyaɗa ba ta sake komawa yadda take ba. A 1983 da 1984 fari ya dawo, Tafkin Chadi ya tsuke ya koma ɗan kaɗan daga girmansa na shekarun 1960.

Amsar gwamnati ita ce madatsun ruwa. Gwamna Audu Bako ya gina Bagauda, ya gina Tiga da aka kammala a 1974, daga baya aka gama Challawa a 1992. Sun kawo noman rani, wannan ba a musu. Amma a Agustan 1988 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, madatsar Bagauda ta ɓalle. A 2001 ambaliya ta bi kogin da ya ratsa Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja, ta ci garuruwa da gonaki a Kano da Jigawa. A 2022 ambaliya ta kashe mutum sama da 600 a faɗin Najeriya, Jigawa maƙwabciyarmu tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Duk wanda yake da dangi a ƙauyukan bakin kogi ta wajen Ajingi da Warawa ya san yadda ake kwana da ido biyu a watan Agusta.

Kun ga ruwa ya dawo tun daga shekarun 1990, amma da wani hali ya dawo. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu tsanani a yankin Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Wato ruwan yana zuwa a dunƙule. A zubo na sati biyu a dare ɗaya, katangar ƙasa ta faɗi, sannan a ɗauke ƙafa.

Ni na ga wannan da idona. Shekarar da na gama jami'a aka yi wani ruwa mai ƙarfi a ƙarshen Mayu, ƙasa ta jiƙu sosai. Mahaifina ya fitar da irin da ya adana ya shuka gaba ɗaya. Kakana ya ce masa, "Ka rage rabi, iskar arewa ba ta gama tafiya ba, da asuba ina jin ta a ƙafata." Ba a ji ba, ni ma ina cikin waɗanda suka ce tsoho ya cika tsoro. Aka yi kwana ashirin da wani abu ko ɗigo. Gero ya tsiro ya kai tsawon yatsa ya bushe. Sai da aka sayar da akuyar mahaifiyata aka sayi wani iri. Abin da zai ba ku mamaki, in aka tara ruwan shekarar gaba ɗaya, damina ce mai kyau, har ambaliya aka yi a wasu wurare. Lissafin shekara bai ga akuyar nan ba. Sati uku ne suka cinye ta.

Wannan shi ne abin da na fahimta daga duk tarihin nan. Dare ɗaya na ɗari a 1823. Safiya ɗaya ta hazo a 1973. Sati uku na ɗaukewar ruwa bayan shuka. Dare ɗaya na ruwa a 1988. Yanayi a gajeren lokaci yake yi mana ɓarna, kuma a ƙaramin wuri. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, ya kan yi ruwa a Kademi ya tsallake Balan, ko ya jiƙa Toranke ya bar Gaya tana kallo. Mutumin birni in ya ga gabas ta yi baƙi, mu ya riga ya wuce ta kanmu ko ya tsallake mu. An fara auna ruwan sama a birnin Kano tun farkon zuwan Turawa, shi ya sa muke iya cewa ga yadda 1913 ta kasance, ga yadda 1973 ta kasance. Amma in ka tambaye ni ranar da ruwan shuka ya sauka a Balan shekara goma da suka wuce, sai dai in je in tambayi kakana. Shi ne ma'ajiyarmu, kuma ya haura tamanin.

Hukumar NiMet, wadda aka kafa da dokar 2003, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara: yaushe ake sa ran ruwa zai zauna, yaushe zai ɗauke, ina ake tsoron tsaikon ruwa bayan shuka. Tana kuma yin gargaɗin hazo, don in ƙura ta tashi a Chadi akwai kwana guda ko fiye kafin ta iso. Bayanin yana cikin wayoyinmu mu matasa. Gonar kuma tana hannun iyayenmu. Tsakanin wayar da gonar, mu ne ya kamata mu zama gada, amma mun tsaya kallon motocin Amurka.

Don haka ga abin da muka fara a gida, kuma ina roƙon duk mai karanta wannan daga Gaya, Ajingi, Wudil, Albasu, Takai, har Jigawa, ya gwada. Na farko, a sayi littafi na makaranta guda ɗaya. A samu gwangwani mai miƙaƙƙen baki a kafa a fili nesa da bishiya da indararo. Duk ranar da aka yi ruwa a sa ruler a auna zurfinsa da safe, a rubuta kwanan wata. Ranar da hazo ya rufe gari a rubuta. Ranar shuka, ranar da aka sake shuka, a rubuta. Ƙanina ne yake riƙe da namu, shi da ya ce ba ruwanmu da guguwar hunturu.

Na biyu, ku zauna da tsofaffinku tun suna nan. Ku kunna rikoda ku tambaye su 1973 da 1984: me aka ci, wane iri ne ya tsira, wace alama suka gani kafin ruwa ya ɗauke, me ake kiran shekarar a garinku. Ni na ɗauki kakana awa biyu, kuma rabin abin da ya faɗa ban taɓa gani a wani littafi ba.

Na uku, idan hasashen damina ya fito, kada ya tsaya a waya. A karanta shi da Hausa a majalisa da ƙofar masallaci, a ajiye shi kusa da lissafin taurarin malam, a ga inda suka haɗu da inda suka saɓa. Sanin gaibu sai Allah, hasashe yakan kuskure. Amma wanda aka ce masa akwai yiwuwar tsaiko a watan Yuni zai iya rage rabin irinsa, kamar yadda tsoho ya ce tun farko.

Kafin in baro gida na karanta wa kakana labarin Clapperton da ruwan da ya daskare. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To shi da ya rubuta, ga shi bayan shekara ɗari biyu kana faɗa min. Ku me kuka rubuta?" Ban ba shi amsa ba, na dai tashi na je kanti na sayo littafin.

A nan za mu dakata. Wanda tsohonsa ya ba shi labarin shekarar fari ko ta ambaliya, ya rubuto mana da sunan garin da shekarar, za mu karanta wasu a shiri na gaba in sha Allahu. A rufe wa yara ƙirji da hanci, a kashe kaskon wuta kafin a kwanta, direbobi a rage gudu cikin hazo. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya jiƙan magabatanmu. Wassalamu alaikum.